Daga Mabera zuwa filin jirgi, tafiyar da ta fi ta Abuja wuya

Daga Sakkwato zuwa Abuja a jirgin sama tafiyar sa'a guda ce, ko ta ɗan ɗara. Kafin ka shanye ruwan gorar da aka miƙo maka an fara cewa a ɗaura ɗamara, za a sauka. Sai dai wanda ba shi da motar kansa ya san tun daren jajibiri ake fara wannan tafiya, lokacin da mutum zai zauna da waya a hannu yana lissafin wanda zai roƙa ya kai shi filin jirgi.

A hunturun bara goggona da ke zaune a Mabera ta samu ranar ganin likita a Abuja. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗin tikiti, don ba wanda zai yarda tsohuwa mai ciwon ƙafa ta wuni a takure cikin mota ta hanyar Gusau da Funtuwa a irin wannan zamani. Ni aka ɗora wa rakiya. Da dare na kira wani direba da muka saba, muka yi ciniki, sai ya tambaye ni ko zai jira mu ne in ya kai mu. Na ce ya ajiye mu kawai, in jirgi ya tashi ai ni namiji ne, na san yadda zan dawo.

"Malam, cikin wanga hazo?" in ji shi. "In na aje ku na tahi, jirgin kuma bai zaka ba, wa za shi maido Hajiya gida?"

Na ɗauka hanyar ƙarin kuɗi yake nema. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka isa da hantsi, aka ce sai azahar. Azahar ta yi aka ce sai la'asar. Can aka ce jirgin ba zai iya sauka ba, sai gobe in Allah ya kai mu. Sama ta yi fari fat, itatuwan bakin shinge ma da ƙyar ake hangen su. Goggo ta yi sallolinta a kan dardumar da ta ƙunso, ta ci ɗan abin da ta zo da shi, ba ta ce uffan ba sai da muka fito waje: "Ɗan nan, ashe jirgin ma jiran lodi shikai kamar motar Illela?" Na sake kiran direban, ya zo yana murmushi bai ce komai ba. Da na haɗa lissafin sawu ukun da muka yi a kwana biyun nan, kowanne shata, kuɗin ya isa ya kai mutum Kano a motar haya har ya ci abinci a hanya.

Filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na III, mai ɗauke da sunan sarkin da ya yi shekara 50 a kan karaga daga 1938 zuwa 1988, yana kudu da gari ne, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar birni, a gefen hanyar da ta wuce Boɗinga, Shagari da Tambuwal har Jega. Ba a kai shi can don a wahalar da kowa ba. Babban jirgi irin mai ɗaukar alhazai yana buƙatar titin sauka na wajen kilomita 3, kuma a goshin titin da ƙeyarsa dole a bar sarari ba dogon gini, ba ƙarfen sadarwa, ba bola ko mahautar da za ta tara ungulu da shirwa, don tsuntsu ɗaya ya isa ya lalata injin jirgi. Sakkwato ta taɓa zama da fili a jikin gari, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira da sunan tsohon filin jirgi, gidaje sun cinye ta kaf. A Kano kuwa gari ya riga ya haɗiye filin Malam Aminu Kano. Mutumin Fagge ko Sabon Gari zai hau adaidaita sahu ya isa cikin 'yan mintuna, amma Kanawa ba su manta da jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja a watan Mayun 2002 ba, wanda ya halaka mutane har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Saboda haka nisan nan daidai ne. Abin da aka bari a baya shi ne yadda talaka zai ci wannan nisa.

Yau mutum ɗayan uku zai yi. Ko yana da motar gida ko ta ofis, ko ya ɗauki shata, ko kuma ya bi irin hanyar da ni na biyo wajen komowa a rana ta biyu: ka hau Keke Napep ko kabu-kabu zuwa inda motocin Boɗinga ke lodi, ka sauka a kwanar filin jirgi, daga nan ka san yadda za ka yi da sauran tafiyar, don daga bakin babban titi zuwa ɗakin fasinja akwai 'yar tazara. Ga saurayi mai jakar goyo ba komai ba ne. Ga mace mai goyo da akwati biyu, a watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40 kwalta na narkewa a ƙarƙashin silifa, wannan ba hanya ba ce.

Mutane na zagin direbobin filin jirgi da tsada, ni ma na sha yi. Amma in ka zauna ka yi lissafinsu za ka rage zafi. Direban lodi yana cika mota da mutum shida, ya tafi Boɗinga, ya sake cikawa ya dawo. Man zuwa da na dawowa mutum goma sha biyu ne suka raba shi. Direban filin jirgi kuwa mutum ɗaya yake ɗauka, ya kai shi Arkilla ko Gawon Nama, ya komo ba kowa a motar. Ke nan fasinjan nan guda shi ke biyan man tafiya biyu. Ƙara da kuɗin shiga ƙofa, da na ƙungiya, da wankin mota, da gyaran na'urar sanyi, don wanda ya sauko daga jirgi ba zai shiga mota mai ƙofa ɗaure da igiya ba. Sannan ga babbar asara, lokaci. Yana iya zaman layi tun safe, jirgi ya yi jinkiri, in ya sauka layi bai kawo kansa ba, ya koma gida hannu rabbana. Kuɗin da ya caje ka yau har da na jiya a ciki. Tun kuma ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Duk wata tafiyar da ake komowa da mota fayau ita ta fi jin wannan duka.

To me zai hana a sa bas? Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi a zauren hira, kuma amsarta ba ta da daɗin ji. Filin jirgin Sakkwato shi kaɗai ba zai iya ciyar da bas ba. Jiragen fasinja da ke sauka a rana, in ba lokacin aikin hajji ba, ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Jirgi ƙirar Boeing 737 yana ɗaukar mutum wajen 130 zuwa 150, ƙananan kuwa kamar 50. A ce mutum 100 suka sauka. Cire waɗanda direban ofis ke jira, cire waɗanda ɗa ko ƙane ya zo ɗauka, cire baƙin da masu masaukinsu suka aiko wa mota, domin a Sakkwato abin kunya ne baƙonka ya sauka ka bar shi da neman abin hawa. Waɗanda suka rage ko bas mai cin mutum 18 ba lalle su cika ba, kuma wannan Runjin Sambo za shi, wancan Dundaye wajen jami'a, wata Minannata, wani tasha zai nufa ya kama motar Gwadabawa. Bayan sun watse fili ya yi tsit, sai wani jirgin bayan sa'o'i. Wane mai mota ne zai ajiye bas da direba da yaron mota suna jiran wannan? In ma an tsara masa lokaci daidai da saukar jirgi, hazo zai rushe jadawalin tun daga Disamba har Fabrairu, kamar yadda ya yi mana.

Kuskuren da ake yi, a ganina, shi ne ɗaukar cewa fasinjan jirgi shi ne mai zuwa filin jirgi. Shi ne mafi ƙaranci. Fasinja sau nawa yake zuwa a shekara? Mai shara kuwa kullum sai ta zo ta koma. Haka masu gadi, masu ɗaukar kaya, 'yan kwana-kwana da dole su kasance a shirye kafin a bar jirgi ya sauka, ma'aikatan hasumiyar da ke magana da matuƙa, masu duba yanayi, masu sayar da tikiti, mai shayi da mai abinci. Wasu hukumomi na da motar ma'aikata, amma ƙananan ma'aikatan 'yan kwangila su ne a rana. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, ga waɗanda ake biya cikakke ke nan. Raba shi kwana talatin ka ga abin da zai rage in mutum zai hau abin hawa biyu da safe, biyu da yamma.

Sai 'yan rakiya. Bahaushe ba ya tafiya shi kaɗai. Mai zuwa umara mutum goma ne za su raka shi, mai dawowa ashirin za su tarye shi. Kuma shi kansa fasinjan ya sauya kama. A da jirgi na manyan ma'aikata ne da attajirai. Tun da hanyoyin Zamfara da Katsina da Kaduna suka zama abin da suka zama, akwai marar lafiya da aka yi wa karo-karo, akwai ɗalibar da iyayenta suka sayar da rago don kada ta bi hanya, akwai ƙaramin ɗan kasuwa da ya auna kuɗin tikiti da kuɗin fansa. Irin waɗannan sun kai iyakar ƙarfinsu a kan tikiti, kuɗin shata kuma sai ya zame musu ƙarin gishiri a miki.

Duk lokacin da aka tayar da zancen nan sai wani Alhaji ya kawo jirgin ƙasan Haramaini, mai tashi daga Makka ya tsaya a filin jirgin Jidda ya wuce Madina, kilomita 450 cikin sa'a biyu da wani abu. An buɗe shi a 2018, kuma wanda ya hau ba ya daina ba da labari. Amma miliyoyin mutane ne ke bi ta wannan fili a shekara. Mu duba na kusa da mu. Abuja ce ke da jirgin ƙasa mai shiga har filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina da bashin da aka ciyo daga can. Bai yi shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ya zauna shekara huɗu, sai a watan Mayun 2024 aka sake buɗe shi, har da ɗaukar mutane kyauta don a jawo su. Tun a zagayen farko an ga inda gizo ke saƙa: tashoshi da dama suna bayan gari ba hanyar mota mai kyau da ta kai gare su, jirgin kuma 'yan sawu kaɗan yake yi a rana, wanda ke tsoron jirgin sama ya tashi ya bar shi ba zai dogara da shi ba. Wannan fa babban birnin tarayya ne, mai jirage tun asuba har dare. Sakkwato kuwa ko layin dogo bai taɓa zuwa ba. Wanda Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa kuma ta Katsina ya bi. Duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin jirgin ƙasa zuwa filin jirginmu, a tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a kwanar da la'asar.

Abin da ke gabanmu ya fi haka sauƙi, kuma yana kan hanyar tun tuni. Bi titin nan daga cikin gari ka ƙirga. A Farfaru akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga makarantar horon malamai mai sunan Shehu Shagari. Gaba can, maƙwabciyar filin jirgin, ga Jami'ar Jihar Sakkwato da ɗalibanta da ma'aikatanta, da yawansu a cikin gari suke kwana. Ga sabbin unguwanni da ke ta tsirowa gefen titi. In ka wuce ga Boɗinga da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya ƙaura Sakkwato a 1815, garuruwan da mutanensu ke shigowa birni kullum don kasuwa da aiki da asibiti. Wannan jama'a ita ce za ta cika bas tun safe har magariba, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Filin jirgi sai ya zama zango ɗaya a kan layi: bas ta taso daga babbar tasha, ta bi ta kasuwa, ta ratsa Farfaru, ta tsaya a jami'a, ta karkata ta shiga filin jirgi ta fito, ta wuce Boɗinga. Ɗalibi ne zai riƙe motar da kuɗinsa, mai akwati ya ci albarkacinsa. A biranen duniya da yawa haka motar talaka ke kaiwa filin jirgi, a matsayin layin gari da aka ɗan tsawaita.

Dole ta taso daga tasha, kuwa, saboda filin nan ba na mutanen birni ba ne su kaɗai. Jihar na da ƙananan hukumomi 23. Wanda ya fito daga Isa ko Sabon Birni ko Tangaza a tasha zai sauka. Haka mutumin Ƙonni da ya tsallako ta Illela, wanda Sakkwato ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara ma ta nan suka riƙa tashi.

Amma akwai ƙulli biyu, kuma a kansu duk wani shiri irin wannan ke mutuwa.

Na farko shi ne lodi. Motar haya a ƙasar Hausa ba agogo ke tayar da ita ba, cika ke tayar da ita. Ɗan kamasho na kiran "saura mutum ɗaya" tun kana ganin rana a tsaye har ta karkata. Ba lalaci ba ne, tsarin biyan ne haka: direba kan mutum ake biyansa, kujerar da ta tafi ba kowa daga aljihunsa ta fita. Mai kama jirgi kuwa ba abin da yake saye sai tabbas. Gara a ce masa mota na tashi kowane rabin sa'a ya san lissafinsa, da a ce masa tana da araha amma sai ta cika. Kafin direba ya yarda ya tashi da mutum biyar don lokaci ya yi, sai wani ya ɗauke masa asarar sauran kujerun. Hanyar da aka sani ita ce gwamnati ta yi yarjejeniya da masu motoci ta biya su kan yawan sawun da suka yi a kan lokaci, kuɗin fasinja kuma ya shiga asusu guda. Wannan ya bambanta da abin da gwamnatocinmu suka saba, wato a sayo motoci a jera a fili, a yi musu fenti da hoton mai girma, a yanka ƙyalle, bayan shekara biyu ka gan su a bayan ma'aikata sun zauna a kan duwatsu don ba a ware kuɗin taya da baƙin mai ba. Sayen mota shi ne mai sauƙi, kuma shi ne mai fitowa a talabijin. Biyan sawun ƙarfe shida na safe a ranar Talata ba ya fitowa a ko'ina.

Kada kuma a ce za a yi ba da 'yan ƙungiyar direbobi ba. Wanda ya shigo musu layi da motar gwamnati mai rahusa ya taɓa tuwonsu, kuma suna da hanyoyin rama gayya. Legas ta gane wannan: da ta fara manyan motocin bas na cikin gari da ake kira BRT a watan Maris na 2008, ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, ta jawo cikin harkar, 'ya'yanta suka kafa haɗin gwiwa suka tuƙa motocin farko. Direbobin Boɗinga da ke kan hanyar yau su ya kamata a fara kira. Na filin jirgi kuwa ba na jin za su yi asara mai yawa. Kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano; mai babbar riga da ya saba shata ba zai koma bas ba ko kyauta ce. Waɗanda bas za ta ɗauka yawancinsu dama ba abokan cinikinsu ba ne.

Ƙulli na biyu shi ne ƙofa. Filin jirgin da harabarsa na Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ne, wato FAAN, wadda ke karɓar umarni daga Abuja. Babban titin na gwamnatin tarayya ne. Sufurin cikin gari hurumin jiha ne. Tasha kuma a hannun ƙungiya take. Kowa na da guntu, ba mai duka, shi ya sa in ka kai kuka ofis ɗaya za a nuna maka na gaba cikin ladabi. Ita hukumar filin tana da dalilai biyu na rashin ɗoki. Ɗaya na tsaro ne, kuma ba na wasa ba, don ba a manta da harin da 'yan bindiga suka kai filin jirgin Kaduna a watan Maris na 2022 ba, kwana biyu kafin na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Mota cike da mutanen da ba su da tikiti tana shiga harabar kowane rabin sa'a abin dubawa ne. Ɗayan na aljihu ne: kuɗin shiga ƙofa da na ajiye mota na cikin hanyoyin samun kuɗin filayen jiragen ƙasar nan, mota ɗaya mai mutum talatin kuwa ba ta biya kamar motoci talatin. Na tsaron yana da magani, a keɓe wa bas wurin tsayawa nesa kaɗan da ƙofar ɗakin fasinja, a yi masa rumfa, a duba ta a shinge kamar kowace mota, a san direbobinta da suna. Na aljihun kuwa sai an zauna tsakanin jiha da hukumar an rubuta. In ba a yi ba, jiha za ta sa motar, ta zo ta sauke mutane a bakin titi inda motar Boɗinga ke sauke su yau. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne an iya. Duk shekara lokacin jigilar maniyyata hukumar jin daɗin alhazai ta jiha na kwashe ɗaruruwan mutane a dare ɗaya daga sansani zuwa bakin jirgi, a manyan motoci, da jami'an tsaro, da jerin sunaye, ƙofa a buɗe. A 2017 ma, da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka aka karkatar da jirage Kaduna, gwamnatin tarayya ta sa motoci kyauta da rakiyar jami'an tsaro suna kai fasinjoji Abuja suna komowa, tafiyar kusan kilomita 200. Da yake manya ne za su sha wahalar, cikin 'yan makonni aka tsara. Kilomita 15 ɗinmu kuwa waɗanda ke yanke shawara a kansa ba su taɓa taka shi da ƙafa ba, da jiniya suke wucewa.

Za a ce a jira motocin iskar gas masu arha. Gwamnatin tarayya ta fito da wannan shiri tun 2023, amma mota mai gas sai da gidan gas, kuma bututun da ake ja daga Ajaokuta ta Kaduna a Kano zai tsaya. Duk gas ɗin da za a sha a Sakkwato a bayan tirela zai zo. Ba abin da za a jingina ɗan layi ɗaya da shi ba ne. Ƙananan bas huɗu ko biyar masu shan mai, masu wurin ajiye akwati a baya da kujerun gaba da aka bar wa mata da tsofaffi, sun isa a gwada zangon karatu ɗaya a ga yawan masu hawa. Abin da zan roƙa kawai shi ne sawun ƙarshe kada ya tashi sai jirgin ƙarshe ya sauka ko an tabbatar ba zai zo ba, don wanda ya fi kowa shiga uku shi ne baƙon da jirginsa ya yi jinkiri ya sauka bayan isha'i, wayarsa ba caji, ba wanda ya sani a garin.

A rana ta biyu hazo ya ɗan yaye, jirgin Goggo ya tashi bayan azahar. Direban na riga na sallame shi, don aljihu ya yi magana. Na tako zuwa bakin titi, ƙura na shiga hanci, na tarar da mutum biyar a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro: ɗalibai biyu da jakunkuna, wani mai gadi da ya tashi aiki, da mata biyu, ɗaya da rigar aikin shara a naɗe cikin leda. Motoci uku suka wuce daga wajen Boɗinga a cike, ko rage gudu ba su yi ba. Ta huɗu ta tsaya, mutum biyu kawai za ta iya ɗauka, a gaba, a matse da wanda ke ciki. Mai gadin ya ce matan su shiga.

Babbar ta girgiza kai, ta nuna ni da haɓa. "A'a, ku bar Malam shi tahi, baƙon wurin ga ne. Mu mun saba, wata na nan tahe."

Na ce Inna ai ba a yi haka ba, ta shiga. Ta ce in dai ban shiga ba ɗalibin nan zai riga ni. Kafin mu gama jayayya ɗaliban biyu sun shige, mota ta ja, muka bi ta da kallo mu huɗu.